Ƙaro a Wuyan Fara

A ƙauyenmu idan aka ce "gidan ƙwari" ba mai tambayar wane gida ake nufi. Namu ne. Sauran yara suna tashi da ƙamshin turaren wuta ko warin hayaƙin kara a kayansu, ni da warin kafur na tashi. A sakandare a Bici har wata ta taɓa shinshina hijabina ta ce, "Ke wai a cikin adaka ake ajiye ki?" Aji ya kwashe da dariya. Ni ban ga abin dariya ba.

Baba malamin gona ne, ya daɗe da yin ritaya. Aikinsa bin gonaki a kan babur yana nuna wa manoma yadda ake sa taki da yadda ake feshi. Gonakinmu a matse suke, wannan na jingine da wancan, ba daji a tsakani, don haka in ƙwaro ya sauka a gonar mutum ɗaya to ya sauka a ta kowa. Daga nan Baba ya fara kama su don ya san da wa yake faɗa. Sai abin ya shiga ransa. Ya kama, ya kashe a kwalba, ya shanya, ya soke da fil, ya jera a akwatunan katako masu murfin gilashi da wani kafinta ya yi masa a Tsanyawa. Akwatuna shida. Fara iri-iri, babe, gyare, buzuzu, ƙoƙi-ƙoƙi, malam-buɗe-littafi. A ƙarƙashin kowanne akwai 'yar takarda da ya rubuta inda ya kama shi.

Akwai ƙungiyar masu nazarin ƙwari ta ƙasa baki ɗaya, kuma Baba ɗan cikinta ne tun kafin a haife ni. "Ƙungiyarmu," haka yake cewa, kamar shi ya yanka mata ragon suna. Labarinta na ji shi har ya ishe ni. Ya ce lokacin da ya shiga ba su da yawa: malaman gona, malaman makaranta, ma'aikatan lafiya masu bin sauro, sai 'yan jami'a ƙalilan. A aji ake taro, kowa ya zo da abin da ya kama a gwangwani ko a kwalin ashana, farfesa da malamin gona su sa hannu a faranti ɗaya. Suna da 'yar takardar labarai da ake bugawa da keken rubutu, har an taɓa sa bayanin Baba a ciki a kan wani ƙwaro mai cinye furen gero.

Sai ƙungiya ta girma. Aka yi mata tsarin mulki. Aka raba mutane hawa-hawa: cikakken memba sai mai digiri, sauran kuma aka ce su abokan ƙungiya ne, su zo taro amma ba su da ƙuri'a. Baba satifiket ɗin makarantar aikin gona kawai gare shi, sai ya wayi gari aboki a gidan da yake ganin nasa ne. 'Yar takardar ta zama mujalla, duk abin da ka aika sai masana sun tankaɗe shi sun rairaye. Ya aika, aka dawo masa da tambayoyi: guda nawa ka ƙirga, ta wace hanya, ina ƙwaron yake wani ya duba? Bai da amsa, ya daina aikawa.

Abin da ke ba ni haushi shi ne ko sau ɗaya bai yi ƙorafi ba.

"Haka ya kamata, Uwata," in ji shi. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kirana haka, shi ya sa kuma bakina yake da lasisin da na yayyena ba shi da shi. "Ilimi ba hirar dandali ba ne. Da muna yi ne da ka, yanzu an san abin da ake yi."

"Sun tura ka bayan ƙofa kana tafa musu," na ce.

Ya yi murmushi kawai.

Da tsufa ya zo sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Ya daina iya karanta 'yan takardun da ya rubuta da hannunsa. Amma kullum da safe sai ya goge gilasan da gefen rawaninsa, ya bi layi da yatsa yana kiran sunan kowane ƙwaro, don ya haddace mazauninsu. Inna, mahaifiyata, ita kaɗai ya yarda ta buɗe akwatunan. Ita ke share ɗakin, ita ke canza kafur in ya ƙare. Ita dai ba ruwanta da ƙwari. Sana'arta dafa tawada, tana yi wa makarantar allon yayanta da wasu malamai na kusa, don haka ba a raba gindin murhunta da ɗan kwano da aka jiƙa ƙaro a ciki.

Shekarar da na gama sakandare ina zaman jiran sakamako, wani tsohon abokin Baba ya bugo masa waya. Ya ce taron shekara a Kano za a yi, kuma ƙungiya ta buɗe ɗakin ajiya, inda ake karɓar tarin ƙwari a adana da sunan wanda ya tara. Baba ya ajiye wayar ya kira ni.

"Ban rubuta littafi ba, ban yi digiri ba. Waɗannan akwatunan su ne abin da na yi. Ina so su shiga ɗakin nan da sunana tun idona yana bambance dare da rana. Ke za ki raka ni."

Yayyena maza duk suna can wurin nema. Ba yadda na iya.

Ranar tafiya Inna ta kasa zama wuri ɗaya. Ta kawo tsofaffin zannuwa muna naɗe akwatunan, tana tsaye a kanmu.

"Malam, anya sai an kai su? Gilashi ne fa, ga hanya ba kyau."

"Za mu riƙe a cinya."

"To ko ɗaya za ka ɗauka, su gani tukuna?"

"Yau kuma ke ce mai kishin ƙwari?" Baba ya yi dariya. "Shekara nawa kina cewa sun cika miki ɗaki?"

"Inna, don Allah ki bar mu mu tafi, rana tana yi," na ce. Ta dube ni kamar za ta yi magana, sai ta juya ta shiga madafa.

A bas muka cika kujerar baya da kaya. Wata Hajiya mai zuwa sarin atamfa ta leƙo ta ce, "Malam, lefe za a kai ne?" Maimakon ya ce a'a ya yi shiru, sai Baba ya kwance zani ya nuna mata. Ta ja baya da salati. Wani mahauci a gaba ya waiwayo ya ce, "Haba Malam, wannan farar da ka ba ta gishiri da yaji ai da ta yi wa duniya amfani." Mota ta ɗauka da dariya, har da Baba, yana ta yi musu bayanin wacce ke cin gero wacce ke cin wake. Na ja hijabi na rufe rabin fuskata, na kalli taga har Kano.

A wata kwaleji aka yi taron. Ban taɓa ganin mutane masu yawa haka a kan maganar ƙwaro ba. Kowa da kati rataye a wuya, kowa da kwamfuta a jaka. A bakin ƙofa aka tambayi Baba matsayinsa, ya ce, "Tsohon memba." Matar da ke teburin ta duba ta duba, ta miƙo masa kati mai launi daban da na sauran. Ya rataya shi da murna. Abokin nan nasa, wani dattijo mai sanda, ya rungume shi suna ta tsokanar juna a kan wa ya fi tsufa. Ban da shi ba wanda ya san Baba. Muka zauna aka yi ta jawabi da Turanci ana haska hotuna a bango. Rabi na gane. Baba yana ta gyaɗa kai alhali na san ba ya ganin bangon ma.

Da aka tashi cin abinci aka kai mu wurin mai kula da ɗakin ajiyar. Na zaci wani tsoho zan gani, sai ga mace, ba za ta girmi babbar yayata ba, ana ce mata Dakta. Har ƙasa ta durƙusa ta gaida Baba. Aka jera akwatunan a kan dogon tebur a baranda, na kwance zannuwan ina jin kunyar yadda suka koɗe.

Da farko fuskarta ta washe. "Kai, Baba! Wannan duk kai kaɗai?" Ta ciro wani ɗan madubi mai ƙara girman abu ta sunkuya. Ta daɗe a sunkuye. Ta matsa akwati na biyu, na uku. Murmushin ya tafi. Da ta gama na shida sai ta miƙe ta gyara mayafinta.

"Baba, ka yi aiki, Allah ya saka da alheri. Amma ina ganin a koma da su gida tukuna. Za mu yi shawara, sai mu neme ka."

Na san wannan "tukuna". Duk Bahaushe ya san ta. Ita ake gaya wa mai neman aure da ba za a ba shi ba. Na dubi katin da ke wuyan Baba mai launi daban, na tuna bas, na tuna zannuwa, sai kaina ya yi zafi.

"Wace shawara?" na ce. "Ki faɗa mana gaskiya mana. Don ba shi da digiri ne? Lokacin da yake bin gonaki cikin rana yana kama waɗannan, ke an haife ki? Kun karɓe ƙungiya daga hannun masu ita, kun ba shi katin baƙi, yanzu kuma kayansa ma ba su isa shiga ɗakinku ba?"

"Uwata, ya isa," in ji Baba.

Bai isa ba. Muryata ba ƙarama ba ce, kuma baranda ce. Masu faranti a hannu suka fara matsowa. Na ga haka na ƙara ɗaga murya, don a lokacin ina ganin ni ce mai gaskiya a duk faɗin kwalejin.

"In akwai dalili ki faɗe shi a nan, kowa ya ji."

Dakta ta dube ni. Ba fushi a idonta, abin da ya fi fushi ciwo ne, tausayi. Ta dubi Baba, ta sake dubana, sannan ta miƙo mini madubin.

"Zo ki duba da kanki, ƙanwata. Wannan ta layin farko. Dubi wuyanta."

Na sunkuya. Fara ce, irin wadda muke gani a gonar wake. Amma kan da ke jikinta ya yi mata girma, kan babe ne. A daidai wuyan akwai wani siririn zobe mai ƙyalli, ruwan zuma. Ta nuna mini wata, an sa mata ƙafar gyare. Wani malam-buɗe-littafi fiffikensa na dama da na hagu ba na uwa ɗaya ba ne. Ƙoƙi-ƙoƙi kuwa kansa nasa ne, sai dai ƙeya ce a gaba.

Ta yi magana a hankali, amma wurin ya yi tsit, kowa ya ji. Ta ce akwai wasu ƙananan ƙwari da ke shiga irin waɗannan akwatuna su ci busasshen daga ciki, ko da an sa kafur, sai kai ya faɗo, ƙafa ta faɗo. Ta ce wani ya bi ya mayar da su, kuma ba ɗaya ba ne ba biyu ba, kusan ko'ina ne.

"Ba za mu iya ajiye abin da ba mu tabbata jiki ɗaya ne ba," in ji ta. "Gobe ɗalibi zai zo ya auna, ya rubuta abin da babu shi a duniya, ya ce daga tarin Baba ya samo."

Wani saurayi a baya ya ce, "An gano sabon iri ke nan," wasu suka yi 'yar dariya, wani ya tsawata masa. Dattijon nan abokin Baba ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Ni na san Malam. Malam ba maƙaryaci ba ne." Da alheri ya faɗa. Amma kafin ya faɗa ba wanda ya kawo kalmar ƙarya a kan Baba, yanzu ga ta a tsakiyar mutane tana yawo.

Ni kuwa tun a zoben farko na gane. Wannan launin na tashi ina ganinsa a ɗan kwano a gindin murhu.

"Me kika gani, Uwata?" Baba ya tambaya.

Bakin nan nawa da ya cika baranda ɗazu ya ƙi buɗuwa.

"Ina tambayarki."

"Ƙaro ne, Baba. An manna su da ƙaro."

Ya miƙo hannu na ba shi madubin. Ya sunkuya ya kai shi ido, ya daɗe yana dubawa, ni da shi duk mun san ba abin da yake gani. Sannan ya miƙe ya mayar wa Dakta da hannu biyu.

"Gaskiyarki, 'yata. Da ni ne a kujerarki abin da zan yi ke nan. Ki yafe wa ƙanwarki, zafin kai ne."

Ya cire katin daga wuyansa ya sa a aljihu. Na naɗe akwatuna shida a gaban mutanen da na tara da bakina. Dakta ta taya ni ɗaurin zani, wannan ma wani ciwon ne. Da a ce ta zage ni da na fi samun sauƙi.

A hanyar dawowa ba wanda ya tambayi ko lefe ne.

Mun iso ana shirin kiran magariba. Inna tana tsakar gida tana tankaɗe. Ta ga akwatunan sun dawo cif, ta ajiye rariya. Ba ta ce sannu da zuwa ba.

Baba ya zauna a kan tabarma ya cire hula.

"Da tsinke kika riƙa sa ƙaron?" ya ce wa Inna.

"Da tsinken tsintsiya."

"Tun yaushe?"

"Tun da idonka ya fara. Na buɗe zan sa kafur na ga kawuna a zube a ƙasan akwati kamar an sheƙe gero. Kai kuma kullum kana shafa gilashi kana kiran sunansu. Na ce ba zan bari ka riƙa gaida abin da ba kai ba."

"Kin san na wane ne kike sa wa wane?"

"Ina zan sani, Malam? Wanda ya shiga na sa. Ni duk fara fara ce."

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Da wane bakin? In ce maka aikin shekarunka ya zama gari?" Ta nuna ni da haɓa. "Da safe ma na so in faɗa. Wannan ta ce rana tana yi."

Na sunkuyar da kai. Aka fara kiran salla. Da Baba zai tashi ya ce wa Inna, "Daktar ma sai da madubi ta gane. Hannunki yana da kyau." Inna ta ja gefen zani ta rufe fuska. Ban san dariya take ko kuka ba, ban kuma tsaya dubawa ba.

Na ɗauka maganar ta mutu ke nan. Bayan an kwana biyu sai Baba ya sa na fito da akwatunan inuwar darbejiya. Ya ce in zama idonsa. In duba kowane ƙwaro, wuya da ƙafa da fiffike, in na ga ƙyallin ƙaro ko kaɗan in zare shi. Ba ni da haƙurin irin wannan aiki, amma na yi, don ba ni da bakin ƙi. Yana kiran suna ina cewa "an taɓa" ko "lafiya". "An taɓa" ta fi yawa nesa ba kusa ba. Wani lokaci in ya kira wanda yake ji da shi na ce an taɓa, sai ya ce, "Duba dai da kyau." In duba, in sake faɗa. Da muka gama, masu lafiyar ba su cika akwati ɗaya ba, yawancinsu buzuzu, su da Allah ya yi wa taurin jiki.

"Ki kai mata," ya ce. "Ke kaɗai. Ni na gama zuwa."

Na gwammace a aike ni ko'ina a duniya ban da wurin matar nan. Na je. Na gaishe ta idona a ƙasa, na ba ta haƙuri a gurguje don ban iya ba da haƙuri mai tsawo ba. Ta duba akwatin ɗaya bayan ɗaya da madubinta. Ta ce waɗannan lafiyarsu ƙalau. Amma ta nuna mini 'yan takardun: Baba ya rubuta "gonar bayan gari, da kaka", ba rana, ba shekara. Ta ce dokar ɗakin ajiya ba ta karɓar abin da ba a san ranar kama shi ba, kuma ba ita ta sa dokar ba, ba kuma za ta karya ta ba. Abin da za ta iya shi ne ta ajiye akwatin a ajin 'yan shekarar farko, su riƙa koyon yadda ake riƙe ƙwaro da yadda ake gane shi. A can ba a rubuta sunan kowa.

Wannan karon ban ɗaga murya ba. Na ce ta ajiye.

Da na dawo Baba yana zaure yana jirana, Inna kuma tana daga bayan ƙofa, wai tana tsintar wake.

"Ta karɓa?"

"Ta karɓa. Ɗalibai za su riƙa koyo da shi."

"A ɗakin ajiyar?"

"A'a. A aji."

"An rubuta suna?"

Inna ta yi gyaran murya daga bayan ƙofa. Na ji ta sarai, na kuma san abin da take so in ce. Kalma ɗaya ce, kuma ba zai taɓa zuwa Kano ya duba ba.

"Ba a rubuta ba, Baba."

"Ke dai ba ki iya shiru ba!" in ji Inna. "Wace irin yarinya ce ke?"

"Rabu da ita," Baba ya ce. Ya shafa gemunsa, ya juya fuskarsa wajen ƙofa inda haske yake. "To. Aji ma wuri ne. A aji muka fara."

Bai sake maganar ƙungiya ba, bai kuma sāke goge gilashi da safe ba. Ya ce a zubar da waɗanda aka taɓa, kaji su ci. Inna ta ƙi. Ta mayar da su akwatuna biyar ɗin ta tura ƙarƙashin gadonta, wurin kwanukan aurenta, har yau tana canza musu kafur. In ta aike ni ɗauko kwano, da lalube nake ɗaukowa, ba na leƙawa.